Shirin Kai Zomo Baje Koli Karon Farko: Abin da Mai Kiwo Ya Kamata Ya Sani

Kiwon zomo ya yawaita a cikin garin Katsina. Daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa da Ƙofar Sauri, da wuya ka zaga unguwa ba ka tarar da keji biyu ko uku a bayan ɗaki ba, wani na matashi, wani na matar aure, wani na ma'aikacin da ke neman abin cefane. Da kiwo ya ɗan kankama, tambayar da masu shi suke kawo mana mu malaman gona ita ce: "Malam, in an buɗe baje koli, yaya zan yi in kai nawa?"

Amsar a taƙaice ita ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da alƙali zai gani a minti biyu ko uku, a gida ake gina shi cikin wata biyu. Kuma akwai abin da ya fi kyauta muhimmanci: zomon da ka fita da shi ya dawo da ransa, kada ya kwaso cutar da za ta share maka sauran. Wannan bayani zai bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

Wane irin baje koli muke da shi?

A Amurka da Ingila ana shirya gasa ta zomaye zalla. Ƙungiyar masu kiwon zomo ta Amurka, ARBA, wadda asalinta ya koma 1910, tana da littafin ƙa'ida da ya fayyace siffar kowane iri daga cikin kimanin iri 50 da ta amince da su: nauyi, launi, tsayin kunne, yanayin gashi. A Ingila kuma akwai British Rabbit Council tun 1934. Can ana sa wa zomo lamba ta dindindin, Amurkawa a cikin kunnen hagu, Ingilishi kuma da zobe a ƙafar baya.

Mu a nan, zomo yakan shiga ne a cikin babban taron noma, tare da kaji, awaki, tumaki, iri da kayan aiki. Wuraren da mai kiwo daga Katsina zai sa wa ido sun haɗa da:

- Tarukan ranar manoma da nunin amfanin gona na jiha da na ƙananan hukumomi. Labarinsu yana fitowa ta ofishin KTARDA, ma'aikatar gona, da ƙungiyar manoma ta AFAN. Sau da yawa ana haɗa irin wannan da Ranar Abinci ta Duniya, 16 ga Oktoba.
- Baje kolin noma na ƙasa da ake yi a Tudun Wada, kan hanyar Abuja zuwa Keffi a Jihar Nasarawa, yawanci bayan damina.
- Kasuwar baje koli ta Kano da ke titin gidan Zoo, wajen ƙarshen shekara.
- Kasuwar duniya ta Kaduna, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, wadda ta saba ci a farkon shekara.
- Baje kolin SAHEL a Yamai, Jamhuriyar Nijar, na noma da kiwo. Wannan sai da takardun likitan dabbobi na ƙetare iyaka.

Ba kowane taro ne yake da gasa ba. Wani rumfa kawai za a ba ka, ka nuna, ka sayar. Wani kuma akwai alƙalai, galibi likitocin dabbobi da malaman kiwo. Don haka kafin komai, ka tambayi masu shiryawa: akwai sashen ƙananan dabbobi? Gasa ce ko nuni? Kwana nawa za a yi? Su za su ba da keji ko da naka za ka zo? Rumfar tana da rufi? Akwai ruwa kusa? Ana neman takardar lafiya? Yaushe ake rufe rajista?

Shawarata ga mai fita karon farko: ka fara da taro na kwana ɗaya a cikin gari ko ƙaramar hukumar da ke kusa. Tafiyar Keffi ko Kaduna ka bar ta sai ka san yadda zomayenka suke ɗaukar hanya.

Abin da ake dubawa

Alƙali da mai saye mai wayo, idonsu ɗaya. Lafiya suke fara dubawa, sai cikar jiki, sannan siffar iri.

Ga irin da aka fi gani a wajenmu da abin da ake nema a jikinsu:

New Zealand fari: fari fat, jajayen idanu. Duk da sunansa, a Amurka aka samar da shi. A ƙa'idar ARBA, babban namiji yana kai kilo 4 zuwa 5, mace kilo 4.5 zuwa kusan 5.5. Ana son faffaɗan baya da cikakkun cinyoyi.

Californian: farin jiki, amma hanci, kunnuwa, ƙafafu da wutsiya baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Nauyinsa kilo 3.5 zuwa ɗan sama da 4.5. Wannan duhun yana bin yanayi: da sanyi yakan ƙara turuwa, da zafi ya kwaɗe. Shi ya sa Californian ɗin Katsina ya fi fitowa da kyau a hunturu.

Dutch: ƙarami ne, kilo 1.5 zuwa 2.5. Kyansa yana ga zanensa, farin layi a fuska, farin ƙirji da kafaɗa, sannan rabin baya mai launi, da iyaka a miƙe kamar an ja da zare.

Chinchilla: ruwan toka. In ka hura gashinsa za ka ga launi hawa-hawa kamar zobba.

Flemish Giant: ƙato, yana wuce kilo 6. Yana jan 'yan kallo, amma ya fi kowa shan wahalar zafi da tafiya.

Akwai kuma Hyla da ire-irensa, waɗanda kamfanoni suka haɗa don nama da yawan haihuwa. Su ba su da ƙa'idar gasa irin ta waɗancan, girma da nama ake dubawa.

Gaskiyar magana, yawancin zomayen da ke gidajenmu ruwa biyu ne, kuma da wuya su kai nauyin da ke littafin Turawa saboda zafi da irin abinci. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin da ba shi da kyau shi ne ka rubuta "New Zealand tsantsa" a jikin kejin zomon da ke da ɗigon baƙi a kunne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka rubuta "haɗin New Zealand da na gida", mai saye zai fi yarda da kai. Wanda yake neman iri mai asali kuwa, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya, tana daga wuraren da ake tuntuɓa.

Zaɓen wanda za a kai

Kada ka zaɓa da ido daga wajen keji. Fito da shi, ɗora shi kan tebur da aka shimfiɗa wa buhu don kada ya zame, ka bi shi da hannu daga kai har wutsiya.

Ido: garau, babu kwantsa, babu hawaye.

Hanci: a bushe. Duba cikin ƙafafun gaba, domin zomo mai majina da su yake share hanci, sai ka ga gashin wurin ya dunƙule.

Kunne: leƙa har ciki. Ɓawon ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa alamar ƙwarin kunne ne.

Haƙora: na sama su ɗan hau kan na ƙasa. Haƙorin zomo ba ya daina tsiro, in ba su haɗu daidai ba sai su yi zaƙo-zaƙo su hana shi ci. Wannan aibi ana gadonsa, don haka irin wannan zomo bai dace da gasa ba, bai kuma dace da barin iri ba.

Farata: biyar a kowace ƙafar gaba, huɗu a ta baya, jimla 18. A gasar da ke bin ƙa'ida sosai, rashin farce ɗaya yana fitar da zomo.

Tafin ƙafar baya: da gashi a rufe, babu gyambo. Kejin waya mai kaushi da jiƙaƙƙen daɓe su ke kawo wannan ciwo.

Fata: babu ƙazuwa a hanci, gefen kunne ko tsakanin yatsu, babu kumburi ko maruru a ƙarƙashin haɓa da ciki.

Ƙarƙashin wutsiya: tsaf, babu alamar zawo. A nan kuma za ka tabbatar da jinsi. Sababbin masu kiwo da yawa sukan rubuta mace alhali namiji ne. In babban namiji ne, 'ya'yan marainansa biyu su kasance sun sauko.

Baya da ƙugu: shafa tafin hannunka. In ƙashin baya yana sukar hannu, ya rame. In jikin ya yi laɓo-laɓo, kitse ne. Abin da ake so tsoka mai tauri.

Waɗanda ba a fita da su ko da sun fi kowa kyau: mace mai ciki, domin cikin zomo kwana 31 ne a matsakaici kuma wahalar hanya tana iya zubar da shi, mace mai shayarwa, 'ya'yan da ba su kai mako takwas ba, wanda ya tashi daga ciwo kwanan nan, da wanda ka sayo bai yi wata guda a hannunka ba.

Game da shekaru, inda ake bin tsarin ARBA, manyan iri kamar New Zealand da Californian ana raba su uku: ƙasa da wata 6, wata 6 zuwa 8, da sama da wata 8, maza daban mata daban. Ƙananan iri kamar Dutch kashi biyu ne, ƙasa da wata 6 da sama da haka. Ko da taronku bai bi wannan ba, ka san watannin zomonka, don za a tambaye ka.

Karon farko biyu zuwa huɗu sun isa. Ka ware ƙarin guda ɗaya na ko-ta-kwana, saboda wani yana iya fara zubar da gashi ana saura mako.

Jadawalin shiri

Saura mako takwas. Ware waɗanda ka zaɓa, kowa da kejinsa. Maza biyu da suka balaga in suna tare za su yi faɗa, su yage kunne, kuma yagaggen kunne ba ya komawa. Auna kowanne a sikeli ka rubuta. Daina haɗa matan da za ka kai da namiji. In akwai alamar ƙazuwa ko ƙwarin kunne, yanzu ne lokacin kiran malamin dabbobi. Allurar ivermectin ita aka saba yi, ana maimaita ta bayan kwana 10 zuwa 14, kuma fata tana buƙatar makonni kafin gashi ya rufe.

Saura mako shida. Daidaita abinci ka tsaya a kansa. Babban zomo mai matsakaicin jiki yana cin giram 120 zuwa 150 na dunƙulallen abincin kamfani a rana, mai furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, tare da busasshiyar ciyawa da ba ta yankewa a gabansa. Harawar wake da ta gyaɗa da muke da su a nan abinci ne mai kyau matuƙa, in dai ba su yi funfuna ba. Ɗanyen ganye irin zogale, ganyen dankalin Hausa ko latas, a bar shi ya ɗan yi yaushi kafin a ba shi, kuma kaɗan-kaɗan. Mai haɗa nasa da dusa, ya kiyaye yawan tsabar masara da gero, suna sa kitse da ɓacin ciki. Duk wani canjin abinci a yi shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10.

Saura mako huɗu. Fara koya masa hannu kullum, kamar yadda za a yi bayani a ƙasa. Fara shafar gashi: ɗan jiƙa tafin hannu da ruwa, shafa daga kai zuwa wutsiya, mataccen gashi zai manne a hannunka. Kammala rajista.

Saura mako biyu. Yanke farata. A farin farce za ka hangi jan jijiya a ciki, ka yanke gaba da ita kaɗan. In baƙin farce ne, haska tocila ta bayansa. In ka kuskura ya yi jini, danna garin sitaci a wurin. Saka shi cikin akwatin tafiya na awa ɗaya ko biyu, sau biyu ko uku, don ya saba.

Saura mako ɗaya. Kada ka kawo sabon abinci, sabon magani ko sabon zomo. Sake dubawa daga kai zuwa wutsiya. In ana neman takardar lafiya, je asibitin dabbobi a wannan makon.

Jajibiri. Haɗa kaya, saka robobin ruwa a firiza su daskare, sake auna nauyi.

Abubuwa uku da ke kashe zomo a hannun mai kyakkyawar niyya

Na ɗaya, wanka. Ba a yi wa zomo wanka. Gashinsa yana daɗewa bai bushe ba, sanyi ya kama shi, firgita kaɗai ma tana iya kashe shi. In farin zomo ya yi dabbaren fitsari, haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, goge wurin kaɗai da tsumma, barbaɗa garin sitaci, in ya bushe ka kakkaɓe. Maganin dabbare na gaskiya shi ne keji mai tsabta tun farko.

Na biyu, maganin da ba nasa ba. Amoxicillin, ampicillin, lincomycin da clindamycin in aka ba zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke taimaka masa narkar da abinci, zawo ya biyo baya, sau da yawa har mutuwa. Haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fipronil guba ne gare shi. Kada ka ɗauki abin da ka ba kaji ka ce zai yi wa zomo.

Na uku, ɗauka ta kunne. Kunnen zomo cike yake da jijiyoyin jini, da shi yake fitar da zafin jiki. In ka ɗaga shi ta kunne yana harbin iska, ƙashin bayansa yana iya karyewa.

Koya masa hannu

Yadda ake ɗauka: hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji ko kan fatar kafaɗa, ɗayan ya tallafi ƙugu, nauyin duka yana kan hannun da ke ƙasa. In za ka yi tafiya da shi, cusa kansa a hammatarka, zai natsu. In za ka mayar da shi keji, fara shigar da bayansa.

Alƙali zai zaunar da shi, ƙafafun gaba a ƙarƙashin ido, na baya daidai da cinya, sannan ya juya shi rigingine ya duba haƙora, farata da ciki. Zomon da bai taɓa ganin haka ba zai yi ta karta da harbi. Minti biyar kullum da sassafe ko bayan la'asar ya isa: zaunar da shi, rufe idonsa da tafin hannu na ɗan lokaci, sake shi, maimaita. Ka riƙa kunna rediyo kusa da kejin, saboda filin baje koli akwai lasifika, janareta da hayaniyar yara.

Littafi da alama

Abin da ke bambanta mai kiwo da mai tara zomaye shi ne rubutu. Kowane zomo ya samu kati: lamba ko suna, iri, jinsi, ranar haihuwa, uwa da uba, nauyi da ranar da aka auna, magani da rigakafin da aka yi masa. In mace ce da ta taɓa haihuwa, rubuta sau nawa, 'ya'ya nawa, nawa suka kai yaye. Mai sayen iri wannan yake nema, kuma a kansa yake ƙara kuɗi.

Fararen zomaye suna kama da juna. Rubuta lamba a cikin kunnen hagu da maka marar gogewa, ka sabunta ta ana gobe tafiya, ka kuma ɗauki hoton kowanne a waya.

Zafi da hanya

Zomo ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 21. Daga 30 ya fara wahala, daga 35 rayuwarsa tana cikin haɗari, domin ba ya gumi kamar mu. A Katsina kuwa, Afrilu da Mayu zafi yana haura 40. Don haka taron da ya faɗo daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ya fi dacewa. Na bazara, in babu rumfa mai iska sosai, gara ka je kallo ka bar zomaye a gida. Namijin da ya sha zafi mai tsanani yana iya yin makonni bai ba da ciki ba, ka ga an yi asarar da ba a gani nan take.

Akwatin tafiya ya zama mai iska ta kowane gefe, kowane zomo da ɗakinsa, ƙasa da tire ko shimfiɗar harawa mai tsotse fitsari. Kwali yana jiƙewa, kuma zomo yana cinye shi. Buhu kuwa ko kusa.

Tashi da asuba. Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne, in ka fita bayan sallar asuba ka isa kafin rana ta yi zafi. Kada a sa akwati a but ɗin mota a rufe, kada a ɗora shi saman mota cikin rana, kada a ajiye shi kusa da salansa. A cikin gari Keke Napep ya fi babur. Lulluɓa jiƙaƙƙen buhun algarara a saman akwatin, ka bar gefe a buɗe. Robar ruwa mai ƙanƙara a naɗe da tsumma, a ajiye a gefensa, zai jingina da ita. Ruwa yana zubewa a hanya, don haka saka masa yankan karas ko kokwamba in ya saba da su, ka ba shi ruwa duk inda aka tsaya.

Ba a hana zomo abinci don za a yi tafiya. Ba ya amai, kuma cikinsa yana son ya riƙa aiki ba tsayawa. Harawa ta kasance a gabansa koyaushe.

Alamar zafi ya kama shi: numfashi da sauri, baki a buɗe, hanci a jiƙe, kunnuwa ja da zafi, ya miƙe ya ƙi motsi. Kai shi inuwa nan take, shafa wa kunnuwansa ruwa mai ɗan sanyi irin na randa, yi masa fifita, nemi likitan da ke filin. Kada a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara.

Kayan da za ka riƙe

- Abincin da ya saba da shi da harawa, har da rarar kwana ɗaya
- Ruwan gida a jarka, domin wani zomon yana ƙin baƙon ruwa. Babba yana shan kwatan lita zuwa rabin lita a rana, fiye da haka in ana zafi
- Kwanon ci da na sha, naka na kanka
- Buhun algarara biyu, robobin ƙanƙara, mafici
- Buhu ko ɗan kafet na shimfiɗa a tebur
- Tsumma, abin yanke farce, sitaci, maka
- Sabulu, bokiti, da bilic irin Hypo ko Jik
- Kwali mai kauri ko falanki na raba kejinka da na maƙwabci
- Ƙaramin kwaɗo na kulle keji
- Katunan zomaye, rasit ɗin rajista, takardar likita
- Riga mai dogon hannu saboda karta

A cikin fili

Isa da wuri ka zaɓi wuri. Lura da inda rana za ta faɗo da azahar, ba inda take da safe kaɗai ba. Nisanci janareta, lasifika da masu gasa nama. In keji na masu taro ne, wanke shi da ruwan bilic ka bari ya bushe kafin ka saka naka. Ɗaga keji daga ƙasa. Ba su ruwa, ka bar su su huta kafin ka fara gyara su.

Zaga ka dubi na maƙwabta. In ka ga mai atishawa, mai majina ko mai zawo, matsar da naka, ka sanar da masu shiryawa cikin ladabi.

'Yan kallo za su so taɓawa, musamman yara. Hannun da ya taɓa keji goma kafin naka shi ne babbar hanyar cuta. Rubuta a kwali: "Don Allah a kalla, kada a taɓa." Wanda ya zo saye da gaske, ba shi sabulu da ruwa ya wanke hannu tukuna. Kada ka ba da aron kwano, kada ka karɓa. Kada ka yarda a kawo mace a haɗa da namijinka a fili, ko nawa za a biya. Kuma ku je ku biyu, don kada rumfa ta zauna babu kowa lokacin salla ko cin abinci.

In an zo hukunci, kai zomonka da kanka, ajiye shi, koma baya. Kada ka yi wa alƙali bayani sai ya tambaya. In ya gama, saurari abin da ya faɗa ka rubuta: ya ce kafaɗa ta yi siriri, ko cinya ba ta cika ba, ko gashi bai gama fitowa ba. Wannan bayanin shi zai nuna maka irin namijin da za ka nema nan gaba. In kana da tambaya, bari a tashi, ka same shi: "Ranka ya daɗe, me zan gyara?" Yawancinsu suna jin daɗin irin wannan tambaya.

Ciniki

Tun daga gida ka yanke wanda za ka sayar da wanda ba za ka sayar ba, da farashin kowanne. A fili ana zuga mutum ya saki uwar garkensa, ya dawo yana cizon yatsa. Lissafa kuɗin mota, rajista, rumfa, abinci da kwana, ka san abin da fitar ta ci. Sau da yawa ribar ba a ranar take zuwa ba, tana zuwa ne daga waɗanda suka karɓi lambarka suka kira bayan wata guda suna neman 'ya'ya, nama ko taki. Rubuta lambar wayarka babba a jikin rumfa. Wanda ya saya, haɗa masa da abincin kwana uku zuwa huɗu na wanda zomon ya saba, ka faɗa masa gaskiyar watanninsa.

Dawowa gida: nan ne rabin aikin

Akwai cutar zomaye mai tsinka jini a ciki, wadda likitoci ke kira RHD. An fara ganin ta a ƙasar Sin a 1984, sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, kuma a 2020 an tabbatar da ita a Najeriya, a jihohin Kwara da Oyo, inda masu kiwo suka yi asara mai yawa. Ba ta kama mutum, amma ba ta da magani. Zomo yana cin abinci da dare, da safe a tarar da shi a mace, wani lokaci da jini a hanci, wani lokaci babu wata alama. Ƙwayar cutar tana yin watanni a jikin keji, buhu, takalmi da tufafi, ƙudaje ma suna ɗaukar ta. Akwai allurar rigakafinta, ka tambayi likitan dabbobi tun saura wata biyu ko ana samu. In kuwa ka ji labarin zomaye suna mutuwa farat ɗaya a yankin da za a yi taro, ka fasa zuwa.

Bayan ita akwai mura mai majina, ƙazuwa, da zawon koksidiya, duk ana kwasowa a taro. Saboda haka:

1. Tun kafin ka tafi, tanadi wurin killacewa nesa da sauran, in da hali a wani ɓangaren gidan daban.
2. Duk wanda ya je fili, da duk wanda ka sayo can, ya yi kwana 30 a killace.
3. Kai kanka, cire takalmi da tufafi, yi wanka, kafin ka leƙa na gida.
4. Kankare ƙazantar akwati da kwanoni, wanke da sabulu, jiƙa su da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara na minti 10, ɗauraye, shanya a rana.
5. Kullum fara ciyar da na gida, ka ƙare da na killace, kowane ɓangare da kayan aikinsa.
6. Kwana biyun farko harawa da ruwa suka fi muhimmanci. Duba kashinsa. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, yana buƙatar likita a ranar.
7. In wani ya mutu ba zato, kada a yanka sauran a kai kasuwa, kada a jefar da gawar a bola ko a ba kare. Sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Su ne za su ɗauki samfur su aika wurin gwaji, irin cibiyar NVRI da ke Vom a Jihar Filato. Gawar a binne ta da zurfi ko a ƙone.

Mai gida ɗaya da ba shi da wurin killacewa, akwai dabara mai sauƙi: ya kai waɗanda ya yi niyyar sayarwa kaɗai, ya bar iyayen garke a gida, ya tafi da hotunansu da katunansu.

In kwana 30 sun cika lafiya, mayar da su cikin 'yan'uwansu, ka buɗe littafinka ka duba abin da alƙali ya faɗa da abin da masu saye suka fi tambaya. Daga nan za ka san wace mace za ka haɗa da wane namiji. Ciki wata ɗaya ne, girma wata shida zuwa takwas, wato zomon da za ka kai baje kolin baɗi, a cikin watanni uku masu zuwa ya kamata a haife shi. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko asibitin dabbobi mafi kusa. Allah ya sa albarka a kiwo.